Murjanin rana: baƙon da zafin teku ke buɗe wa ƙofa

Duk mai bin labaran canjin yanayi ya saba jin cewa murjani na ta mutuwa a tekunan duniya saboda zafi, kuma gaskiya ne. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar cewa an shiga karo na 4 da murjanin duniya ke koɗewa yana yin fari fat a lokaci ɗaya, bayan na 1998 da na 2010 da kuma wanda ya ɗauko daga 2014 har 2017. To amma akwai wani gefen labarin da ba a cika faɗa ba, shine a daidai lokacin da wasu ke mutuwa wasu irin kuma yaɗuwa suke yi, suna shiga tekunan da ba nasu ba suna ƙwace waje daga hannun masu gida. Wannan gefen nake so mu ɗan zauna a kai jama'a, musamman wani baƙo da ake kira murjanin rana, don ni dai abin ya jima yana damuna.

Da farko murjani dabba ne, ba dutse ba ne ba kuma tsiro ba. Jan murjanin nan da iyayenmu mata ke ji da shi a wuya da hannu ƙashin wata dabba ce ta tekun Bahar Rum aka fere aka huda. Dabbar ɗin 'yar mitsitsiya ce, baki ne a tsakiya da 'yan hannuwa zagaye da shi, tana zaune cikin ƙoƙon alli da ta gina da kanta, sai su taru ɗaruruwa ko dubbai a manne da juna su zama curi guda. Mafi yawan waɗanda ke gina manyan duwatsun murjani a teku basa ciyar da kansu su kaɗai, akwai wata gansakuka da ido baya gani da ke zaune cikin naman jikinsu, ita ke haɗa abinci da hasken rana ta basu kaso mafi tsoka, ita ce kuma ke basu kala. Matsalar ita ce wannan zaman nasu baya jure zafi. Ruwa ya ƙaru da digiri 1 kacal a kan zafin da aka saba gani a watan da ya fi zafi, ya kuma daɗe a haka na wasu makonni, sai murjanin ya tofar da gansakukar, ya koma fari, yunwa ta kama shi, in zafin bai sauka da wuri ba shikenan ya mutu.

To shi baƙon da nake magana a kai bashi da wannan gansakukar kwata-kwata, kuma a nan duk labarin ya ta'allaƙa.

Sunansa a kimiyyance Tubastraea, 'yan Birazil na ce masa murjanin rana saboda kalarsa, ruwan lemo da ɗorawa mai haske. Asalinsa tekun Fasifik da na Indiya ne. An fara rubuta ganinsa a yankin Karibiyan a 1943, a Fotoriko da tsibirin Kurasawo, kuma abin da masana suka fi yarda da shi shine a jikin jiragen ruwa ya maƙale ya taho. A ƙarshen shekarun 1980 aka gan shi a jikin dandamalin haƙar mai na yankin Campos da ke gaɓar Rio de Janeiro, bayan shekara goma da wani abu sai gashi a kan duwatsun gaɓar Ilha Grande. Yau iri biyu, coccinea da tagusensis, sun bazu a gaɓar Birazil a tsawon da ya haura kilomita 3,000, tun daga jihar Ceará a arewa har Santa Catarina a kudu. Haka ma a mashigin tekun Meziko ya cika ƙafafun dandamalin mai.

In ka gan shi da rana ba za ka ce wani abin tsoro bane, 'yan ƙoƙuna ne jajaye a tsuke, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, a manne a jikin bangon dutse ko ƙarƙashin kogo ko jikin ƙarfe inda inuwa take. Dare na yi sai kowane ƙoƙo ya buɗe, hannuwan nan ruwan ɗorawa su miƙe suna lilo a ruwa, duk wata 'yar halitta da igiyar ruwa ta kawo ta taɓa su sai su harbe ta da dafi su tura ta baki. Haka yake cin abincinsa, baya jiran rana. Ga haihuwa ba kama hannun yaro, curin da bai wuce ƙoƙo biyu ba ma yana iya fara sakin 'ya'ya, yana iya yin su ko ba tare da barbara ba, 'ya'yan su yi ta yawo a ruwa har makonni kafin su samu wajen mannewa, sannan in ka fasa shi ɗan ɓarɓashin naman da ya rage yana iya sake tofowa ya zama sabon curi. Wallahi duk wani abu da dabba ke buƙata don ta mamaye waje an haɗa masa.

Yanzu mu zo kan zafi da sanyi, don a nan mutane ke yawan ɗaukar abin a sauƙaƙe suce ai zafi ne ke ciyar da shi. Ba haka bane kai tsaye. Zafin ruwa matsakaici yana sa shi girma da haihuwa da sauri, haka ne, amma babban abin da zafi ke masa shine yana kwantar masa da abokan gaba. Lokacin da zafi ya afka wa gaɓar Birazil a 2019, murjanin gida ne ya ji jiki, a yankin Abrolhos wanda shine ma fi arzikin murjani a kudancin Atilantika wani iri da ake kira Millepora ya mutu da yawan gaske. Shi kuma baƙon tunda bashi da gansakukar da zai tofar, wannan bala'in na fari baya kama shi ta wannan hanyar. Duk inda mai gida ya mutu ya bar dutse tsirara, fili ya samu kenan, kuma a ƙarƙashin teku fili shine dukiya, wanda ya riga mannewa shi ke da waje.

Sanyi kuwa shine ainihin shingen da ke tsayar da shi. Akwai wani gari a Birazil, Arraial do Cabo, wanda ni a ganina babu wajen da ya fi shi nuna wannan a fili. A can iska kan tura ruwan sama ya yi gefe sai ruwan ƙasan teku mai tsananin sanyi ya taso, amma ta gefe ɗaya na gaɓar kawai, ɗayan gefen da ke cikin lungu ruwansa da ɗumi. Masu bincike suka duba bayan shekara 15 da fara ganin murjanin a wajen, sai suka tarar ya cika gefen ɗumin amma ya kasa kafuwa a gefen sanyin, alhali tazarar ba wata mai yawa bace. Da suka gwada a ɗakin gwaji sai suka ga in ruwa ya sauka zuwa wajen digiri 12 da rabi ko ƙasa da haka baya rayuwa. Kunga kenan ba wata dabba ce ta hana shi ba, ba kuma mutum ba, sanyi ne kawai. Haka ma a kudu wajen Santa Catarina inda ya yi iyaka, ruwan hunturunsu ne ke rage masa gudu. To in teku ya cigaba da ɗumama, hunturun ya rage kaifi, wannan shingen ne zai dinga matsawa kudu a hankali, kuma babu wanda zai iya gina wani a madadinsa.

Sai maganar masu gida, wadda ita ce ta fi burge ni, don ba duka suka miƙa wuya ba.

Akwai wani murjani da babu shi a ko'ina a duniya sai Birazil, Mussismilia hispida, dunƙulalle ne mai zane-zane a jiki. Shi kam in baƙon ya zauna kusa da shi ya shiga uku. Murjanin rana na fito da wasu zarurruka daga cikin cikinsa, waɗanda da su yake narkar da abinci, sai ya ɗora su a jikin maƙwabcin ya fara narkar da shi da ransa. In ka duba irin waɗannan wuraren zaka ga gefen da ke fuskantar baƙon ya mutu ya bar farin ƙashi, ɗayan gefen kuma lafiyarsa ƙalau, shi baƙon ko ƙwarzane babu. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gwada haɗa wa wannan murjanin zafi da kuma baƙon, sai aka ga kowanne na cutar da shi ta hanyarsa daban. Wannan ya nuna ko da an yi nasarar rage ɗaya, ɗayan na nan yana aikinsa, dole sai an fuskanci duka biyun.

Amma akwai wani soson teku, Desmapsamma anchorata, shi ma dabba ne, mai laushi da saurin girma. Shi baya tsayawa faɗa, hawa kan murjanin rana kawai yake yi ya lulluɓe shi ruf, ya toshe masa baki, ba abinci ba numfashi har ya mutu a ƙarƙashi. An ga haka a Ilha Grande. Sai dai fa soson bai kai baƙon yawa ba, kuma shi kansa yana da lokutan da yake ja da baya, don haka yana rage ɓarna ne kawai a inda yake. Akwai kuma wata halitta mai yauƙi, Palythoa, 'yan can na ce mata yawun bijimi, tana shimfiɗuwa ta rufe saman duwatsu inda rana ke bugawa kuma tana da dafi mai ƙarfi. Ita ta riƙe shimfiɗaɗɗen waje mai haske, shi baƙon ya fi son bango da inuwa, to a bakin iyakarsu ake gwabzawa, kuma a wasu wuraren an ga ita ma tana ja da baya. Abin lura shine ita ma da gansakukar nan take rayuwa, ma'ana zafin da ya wuce kima yana sa ta yi fari ta yi rauni. Kunga yadda abin ke haɗuwa, zafi na raunana mai tsaron ƙofar ne, ba sai ya ƙara wa ɓarawon ƙarfi ba.

Mu 'yan arewa mun san irin wannan labarin a ƙasarmu. Duk wanda ya san Hadeja zuwa Nguru ya san kachala. Da can ruwa na zuwa da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe, ciyawar bata samun sakewa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 sai ruwa ya koma kwanciya a magudanai duk shekara, kachala ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan baki. Ciyawar bata canja hali ba, yanayin da ke taka mata birki ne aka cire. Haka lamarin murjanin nan yake.

A tekun Bahar Rum ma akwai wani misalin da ya ƙara fito da abin, Oculina patagonica, wanda aka fara gani a 1966 kusa da Savona a Italiya. Har yanzu masana na muhawara kan ko baƙo ne da gaske ko kuma daɗaɗɗen ɗan gida ne da ya samu dama, amma babu mai musun cewa yana yaɗuwa, musamman a gaɓar Sifen. Shi abokin hamayyarsa ciyawar teku ce da ke rufe duwatsu ta hana 'ya'yansa wajen zama. A wani keɓaɓɓen yanki na Cabo de Palos an lura cewa inda bushiyar teku ta yi yawa ta kiwace ciyawar ta bar dutse fili, nan murjanin ke samun shiga. Wato wata dabba ta uku ce ma ke share masa hanya. Sannan zafin ma ba kullum yake masa daɗi ba, a gabashin tekun wajen gaɓar Isra'ila da bazara yakan yi fari, an kuma danganta hakan da wata ƙwayar cuta da ke ƙarfi in ruwa ya yi zafi, hunturu na zuwa sai ya farfaɗo. A can arewa kuma sanyin hunturun ne ke kashe masa sassan jiki. Don haka kowane iri na da nasa ma'aunin, ƙasa da kaza ya mutu, sama da kaza ya wahala, kuma ɗumamar teku na matsar da wannan ma'aunin ne daga wani waje zuwa wani.

Wani baƙon kuma a ƙasar Benezuwela ta hanyar masu sayar da kayan adon akwatin kifi ya shiga, wani murjani mai laushi daga Indonesiya, Unomia, a farkon shekarun 2000, yanzu ya lulluɓe wurare masu faɗi a yankin Mochima har an gan shi a Kuba.

Kwanaki ina wannan bayanin a majalisarmu ta bakin mai shayi a Tudun Wada, wani dattijo da muke girmamawa ya ajiye kofinsa yace ɗan nan, mu da ko teku bamu taɓa gani ba ina ruwanmu da wannan? Nace Baba ai ruwanmu na ciki a zahiri ma, don kogin Kadunan nan da muke tsallakawa kullum in za mu Kakuri ko Barnawa yana gangarawa ne ya haɗu da kogin Neja kusa da Pategi, daga nan sai tekun Atilantika. Kuma wannan ruwan daɗin da laka da Neja ke zubawa suna cikin dalilan da yasa gaɓarmu bata da manyan duwatsun murjani, murjani baya son ruwan da gishirinsa ya yi ƙasa. Shi kansa murjanin rana in aka tsoma shi a ruwan daɗi na 'yan awanni mutuwa yake, har ana amfani da hakan wajen kashe wanda aka ciro. Yace to ai kaga Allah ya tsare mu. Nace a bakin gaɓa kam haka ne Baba, amma rijiyoyin manmu na cikin teku fa?

Nan ne inda hankalina ya fi tashi. Filin mai na Bonga yana da nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa, can ruwan gishiri ne sosai, lakar Neja bata hana komai. Ruwan saman mashigin tekun Gini yawanci sama da digiri 25 yake, ma'ana wancan shingen sanyin da ke taimakon kudancin Birazil mu bamu da shi. Ƙafafun ƙarfe da ƙasan manyan jiragen ajiyar mai kuma sune daidai irin masaukin da baƙon ke so, inuwa, bango a tsaye, igiyar ruwa na kawo abinci, sannan sabon ƙarfe bashi da mai gida balle a samu mai hamayya, wanda ya fara zuwa shi zai mallake. Waɗannan gine-ginen kuma yawo suke a duniya, katafaren jirgin ajiyar mai na Egina a Koriya ta Kudu aka ƙera shi aka jawo shi har Legas a farkon 2018, dandamalin haƙa kuma yau yana Birazil gobe yana Afirka ta Yamma jibi yana gyara a tsibiran Kanari, inda can ma an samu murjanin rana a tashar Las Palmas kuma an danganta zuwansa da irin waɗannan dandamalin. Jan su ake a hankali, ba kamar jirgin kwantena mai gudu ba, don haka abin da ya manne baya faɗuwa a hanya. Kuma gaɓarmu ta riga ta ɗanɗana baƙin iri, ga wani kwakwan ruwa, nipa, da aka kawo Kalaba a 1906 yana ta cinye dazukan bakin teku inda kifi ke ƙyanƙyasa, ga kainuwar Turawa da ta shigo ruwan Legas a 1984 har yau ana fama.

Wani zai ce to murjani ne ai, kyakkyawa ma, in ya ƙaru mene ne laifi? Laifin shine baya gina irin dutsen da na gida ke ginawa, kuma in ya rufe bango sai ya kori tarkacen halittun da ke wajen, gansakuka, ƙananan ƙaguwa, tsutsotsi, waɗanda sune abincin kifi. A tsibirin Búzios na jihar São Paulo akwai bangayen da kusan shi kaɗai ne a jiki. Waje ya koma iri ɗaya, kifin da ke kiwo a nan ya rasa abin ci ya bar wajen, mai kamun kifi ya dawo da kwale-kwale ba nauyi. Sannan yana hawa kan kayan masu kiwon kawa da jikin bututu, kankare shi kuma kuɗi ne.

Cire shi aiki ne mai cin rai. A Birazil akwai wani shiri, Projeto Coral-Sol, da aka fara a 2006, masu nutso ke sauka da guduma da cizal suna ɓamɓare curi ɗaya bayan ɗaya, dole a saka cizal ɗin a can gindi a ɗaga shi gaba ɗaya kar ya farfashe, a jefa a jaka ko akwati mai murfi tun a ƙarƙashin ruwa saboda in ya ji an taɓa shi yana iya sakin 'ya'ya, a fito da shi a kashe a tudu, sannan bayan wasu watanni a sake dawowa don ɓarɓashin da ya rage ya tofo. Gwamnatinsu sai a 2018 ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da shi, kusan shekara 30 bayan fara ganinsa, lokacin ya riga ya yi nisa. Inda ake samun nasara shine inda aka gan shi da wuri yana 'yan curi kaɗan, ko inda sanyi ke taya su rage masa gudu.

Ta ɓangaren doka kuma akwai giɓi. Yarjejeniyar duniya kan ruwan da jirage ke ɗiba don daidaita nauyi an amince da ita a 2004 ta fara aiki a watan Satumban 2017, wannan dole ce a kan ƙasashen da suka sa hannu. Amma abin da ke mannewa a jikin jirgi ta waje, wanda ta nan ne murjanin rana ya fi tafiya, hukumar sufurin teku ta duniya shawarwari kawai ta fitar a 2011 ta sabunta a 2023, ba tilas a ciki sai ƙasar da ta ga dama ta mayar da su doka a gidanta. Ni abin da nake fata shine hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta NIMASA da cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas su sa ya zama sharaɗi cewa duk dandamali ko jirgin haƙa da zai shigo ruwanmu daga Birazil ko Meziko ko Asiya sai an duba ƙasansa da kyamara an wanke shi tun a inda ya taso, a kuma dinga ɗaukar hoton ƙafafun waɗanda ke nan lokaci-lokaci, tunda kamfanonin dama suna tura na'urorin nutso don duba tsatsa da tsagewa, hoton na hannunsu, masanin halittu kawai ake buƙata ya zauna ya kalla. Haka in za a cire tsohon dandamali da ya gama aiki, kar a jawo shi zuwa bakin gaɓa ko wata tasha sai an san me ke manne a jikinsa.